Wankan Magani Ga Yara Masu Ciwon Daji

A zangon karatun da ya wuce wani yaro ɗan aji huɗu a makarantarmu ya soma zuwa da kumburi a muƙamuƙinsa na hagu. Da fari mu malamai mun ɗauka ciwon haƙori ne, iyayensa ma haka suka zata. Kafin mako uku haƙoransa sun soma girgiɗi, fuskarsa kuma ta karkace. Aka kai shi asibitin garinmu, daga can aka tura shi babban asibitin koyarwa. A nan ne likitoci suka gaya wa iyayen cewa ciwon daji ne, amma irin wanda yake jin magani idan an zo da wuri.

Ran Asabar ta biyu da kwantar da shi, mu malamai biyu tare da matar fasto muka tafi gaishe su. Muka tarar da uwar a bakin famfo da bokitin ruwa, tana ƙoƙarin buɗe wata kwalba. Ashe wata mai jinya a gado na kusa ce ta gaya mata wai a ƙasashen Turawa da magani ake yi wa irin waɗannan yara wanka, domin kada cutar asibiti ta kama su. Sai ta ɗauki kuɗin abincinta na yini biyu ta sayo abin da mai kanti ya miƙo mata. Allah ya sa wata nas tana wucewa, ta ce, "Mama, tsaya! Me za ki zuba a ruwan nan?" Da ta karanta jikin kwalbar sai ta ce wannan na goge daɓe da bayan gida ne, in ya taɓa fatar yaron zai ƙone ta.

Uwar ta juyo wurinmu da hawaye, ta ce, "Malam, to, ashe ƙarya aka yi mini?" A ranar ba mu da amsa. Amma mun yi mata alkawari za mu tambaya, mu kuma karanta. Abin da muka samu shi ne muke so mu ba masu karatunmu, gama ba wanda ya san gidan da wannan jinya za ta sauka gobe.

Dalilin da ya sa yaron yake cikin hatsari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara yara da matasa wajen 400,000 ne suke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta waɗanda suke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba. Irin wanda ya kama ɗalibinmu yana ɗauke da sunan Likita Denis Barkit, wani Kirista mai aikin fiɗa da ya yi aiki a Kamfala ta ƙasar Yuganda, wanda ya ba da bayaninsa a 1958. Ciwon ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya. Yana girma da sauri ƙwarai, amma yana narkewa da sauri kuma idan magani ya same shi.

Maganin da ake ba su, wanda ma'aikatan asibiti suke kira kemo, yana kashe duk wani abu mai saurin girma a jiki. Yana kashe dajin, amma yana taɓa ɓargo kuma, inda jiki yake yin fararen ƙwayoyin jini. Waɗannan kuwa su ne sojojin da Allah ya sa a jikinmu su yi yaƙi da cuta. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ba da maganin, yawansu yakan faɗi ƙasa warwas. A wannan lokaci yaron kamar gari ne da aka rushe masa ganuwa. Ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro ba zai ko san ta shige shi ba, tana iya kashe wannan cikin yini ɗaya ko biyu.

Ga kuma ƙofa a buɗe. A manyan asibitocin Amurka da Turai akan sa wa yaron wani siririn bututun roba ta ƙirji, ya shiga babbar jijiya har kusa da zuciya, ya zauna nan wata da watanni. Ta nan ake ba shi magani da ƙarin ruwa da ƙarin jini, ba sai an riƙa huda shi kullum ba. A asibitocinmu an fi sa ƙaramar kanula a hannu. Ko wanne ne dai, hanya ce daga waje zuwa cikin jini. Fatar kowane ɗan Adam kuwa, ko ya yi wanka yanzu, tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani. Muddin suna kan fata ba su da lahani. In sun bi bututu suka shiga jini, sai zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, wani lokaci har da rasa rai.

Asibiti kansa ma matattarar cuta ne. A rahotonta na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu tasowa, sukan ɗauki wata sabuwar cuta a asibitin, wadda ba su zo da ita ba.

Likitoci biyu da suka buɗe wa duniya ido

Ba tun fil azal likitoci suka san haka ba. A 1847, a babban asibitin birnin Biyana, wani likita mutumin ƙasar Hangare mai suna Semelwais ya lura cewa mata masu haihuwa sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci suke karɓar haihuwa, fiye da ɗakin ungozomomi. Da ya bi diddigi sai ya ga likitocin daga ɗakin binciken gawa suke fitowa, su taɓa masu naƙuda da hannuwan nan. Ya kafa doka kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu na wannan shekara wajen mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin. A watan Yuli abin ya sauko bai kai 2 cikin 100 ba. Duk da haka abokan aikinsa da yawa suka ji haushi, gama sun ga kamar yana ce musu ƙazamai. Ya mutu a 1865 ba a girmama shi ba.

A wannan shekara ta 1865 kuma, a birnin Gilasgo, aka kawo wa Likita Yusufu Lista wani yaro ɗan shekara 11 wanda keken doki ya taka, ƙashin ƙafarsa ya karye ya huda fata. A zamanin irin wannan rauni yakan ruɓe, a yanke ƙafa ko a rasa rai. Lista ya wanke raunin ya ɗaure shi da tsumma jiƙe da ruwan kabolik. Bayan wajen mako shida yaron ya fita da ƙafarsa. Daga nan hanyar kashe ƙwayoyin cuta a kan fata da rauni ta soma bazuwa cikin duniya.

Maganin da ake wankan da shi

To, maganar da aka gaya wa uwar ɗalibinmu tana da tushe. Akwai wankan magani a asibitocin Amurka da waɗansu ƙasashe. Sunan maganin kulohezidin, a jikin kwalba kuwa za ku ga an rubuta chlorhexidine. A Ingila aka gano shi, aka soma sayar da shi a 1954. Yana fasa jikin ƙwayar cuta ta mutu. Abin da ya bambanta shi da sabulu shi ne yakan manne wa fata, ya ci gaba da aiki sa'o'i da yawa bayan an shafa, har wajen yini guda.

Wankan kuwa ba irin namu na bokiti da soso ba ne. Akwai waɗansu ƙyallaye masu laushi da suke zuwa a ƙunshe, an riga an jiƙa su da maganin, kashi 2 cikin 100. Nas takan ɗumama su, ta goge jikin mara lafiya daga haɓa zuwa ƙasa, kowane sashen jiki da nasa ƙyalle. Ba a ɗaurayewa, sai a bar shi ya bushe da kansa. Ba a kai shi fuska, gama yana lalata ido. Ba a bari ya shiga kunne, gama in dodon kunne ya huje yana iya kurmantar da mutum. Ba a sa shi a kan buɗaɗɗen miki, ba a kuwa saba yi wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Sabulu da waɗansu mayukan shafawa suna kashe ƙarfinsa. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kuma cewa akwai mutane kaɗan da jikinsu ba ya karɓarsa ko kaɗan, har numfashinsu yakan sarƙe. Kun ga ke nan aikin ma'aikata ne da aka koya musu.

Gwaji biyu da suka ba da bege

Likitocin zamani ba su karɓar magani don an ce yana da kyau, sai sun gwada. Sukan raba marasa lafiya kashi biyu, a yi wa kashi ɗaya abin da ake gwadawa, a bar ɗayan a kan abin da aka saba, sa'an nan a ƙirga. Suna kuwa ƙirga da "kwana 1,000". Bari mu fassara wannan kamar yadda muke yi wa 'yan aji biyar. Idan marasa lafiya 100 suka kwanta kwana 10 kowannensu, an sami kwana 1,000 ke nan. Sai a tambaya, sau nawa cuta ta shiga jinin wani a cikin waɗannan kwanaki?

A 2013 aka buga sakamakon gwaji biyu a Amurka. Na fari an yi shi a kan manya fiye da 7,700 a asibitoci 6, a ɗakunan masu ciwo mai tsanani da na dashen ɓargo. A watannin da aka yi wankan magani, cutar jini ta ragu da kashi 28 cikin 100. Na biyu an yi shi a kan yara kusan 5,000 a ɗakuna 10 na masu ciwo mai tsanani a asibitoci 5. Cikin yaran da aka yi wa wankan yadda aka tsara, cuta ta shiga jini wajen sau 3 cikin kwana 1,000. Cikin waɗanda aka yi wa wanka na kullum kuwa, kusan sau 5.

Saboda irin wannan shaida, ƙungiyoyin masanan hana yaɗuwar cuta na Amurka, a ƙa'idodinsu na 2022, sun sa wannan wanka cikin abubuwan da ya wajaba a yi kowace rana ga duk wanda ya wuce wata 2 yana kwance a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Mutane da yawa kuma suka yi tsammani, in ya taimaki waɗannan, lalle zai fi taimakon yara masu ciwon daji, tun da yake su ne suka fi kowa rashin garkuwa.

Sa'ad da aka gwada shi a kan masu ciwon daji

Wata babbar ƙungiyar likitocin dajin yara ta Amurka da Kanada ta ɗauki nauyin gwada wannan tsammani, Likita Daniyel Zar ta asibitin yara na birnin Siyatil ce ta shugabanci aikin. Asibitoci 36 suka shiga. Aka ɗauki yara da matasa masu ciwon daji ko waɗanda ake yi wa dashen ɓargo, dukansu da bututu a ƙirji. Aka raba su da ƙuri'a, 88 a gefe guda, 86 a ɗaya gefen. Kashi na fari aka ba su ƙyallaye masu magani, na biyu kuma ƙyallaye masu kama da su amma da ruwan wanki mara ƙarfi. Iyaye ba su san wanne aka ba ɗansu ba, likitocin da suke duba shi ma ba su sani ba. Aka tsara a yi wankan sau ɗaya kowace rana har kwana 90.

Da aka buga sakamakon a 2020, sai ya zo da abin da ba a zata ba. Cikin yaran da aka yi wa wankan magani, cuta ta shiga jini sau 5.44 cikin kwana 1,000. Cikin waɗanda ba a sa wa magani ba, sau 3.10 kaɗai. Watau wankan bai rage cutar ba, lissafin ma ya karkata ne ga ƙari. Ƙuraje da ƙaiƙayi da jan fata sun fi yawa a gefen masu magani. Ƙwayoyin cutar da aka samu a fatarsu daga baya kuma sun nuna alamar soma jure wa maganin.

Masu binciken sun faɗi gaskiya a kan aikinsu. Ba su sami yawan yaran da suka nufa ba, har aka rufe gwajin kafin lokacinsa, saboda haka ba su yanke hukunci cewa lalle wankan ne ya ƙara cutar ba. Abin da suka ce shi ne, sakamakon bai goyi bayan a mai da shi al'ada ga dukan yara masu ciwon daji ba. Har yanzu akwai asibitocin da suke yinsa bisa ga abin da suka gani a ɗakunansu, waɗansu kuwa ba su yi.

Me zai sa abin da ya taimaki wani yaro ya kasa taimakon wani? Akwai abu biyu da aka sani game da jikin mai shan kemo. Na ɗaya, maganin yana sa fata ta bushe ta yi laushi, har ta tsattsage. Fata kuwa ita ce katanga ta fari. In aka riƙa goga mata abu mai ƙarfi kowace rana har wata uku, tana iya buɗe ƙananan kafofi. Na biyu, kemo yana saɓule fatar cikin baki da ta hanji. Da yawa daga cikin ƙwayoyin da suke shiga jinin waɗannan yara daga cikin cikinsu suke fitowa, ta wannan saɓulewa. Wanda ya tsare ƙofar zaure alhali ɓarawon yana cikin ɗaka, bai tsare kome ba. Wankan fata ba ya kaiwa hanji.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Kada mai karatu ya ɗauka maganin ba shi da amfani. A wurinsa yana ceton rai. A jihar Mishigan ta Amurka wani likita mai suna Fita Furonobos ya sa ɗakuna 103 na masu ciwo mai tsanani su bi ƙa'idodi biyar game da sa bututu. A wanke hannu. Mai sawa ya rufe jikinsa da na mara lafiya da kaya masu tsarki. A goge wurin da za a huda da kulohezidin. A guje wa jijiyar matsematsi. A cire bututun da zarar ba a bukatarsa. Aka kuma ba nas iko ta tsai da likita, kome girmansa, in ya tsallake ɗaya. Rahoton da aka buga a 2006 ya nuna cutar jini ta ragu da wajen kashi biyu cikin uku. Ba wani sabon abu cikin biyar ɗin nan. Abin da ya sake shi ne an yi su duka, kowane lokaci, ga kowane mara lafiya.

Mu ma a ƙasar nan mun san wannan magani, ko da ba mu riƙe sunansa ba. Shi ne wanda ake ba masu jego a 'yar ƙaramar tuf su shafa wa cibiyar jariri, a madadin gashi da tsumma da sauran abubuwan da kakanninmu suka saba. Jihohin Sakkwato da Bauchi suna cikin na farko da suka soma raba shi, wajen 2013, yana kuwa hana ruɓar cibiya. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa a ƙasashen Afirka da dama, iyaye da masu jinya sun ɗiga shi a idon jarirai da zaton maganin ido ne, waɗansu har sun makance. Garin neman gira aka rasa ido. Magani ɗaya ne, a cibiya ya ceci rai, a ido ya kawo makanta. Haka kuma na goge daɓe, da na wanke rauni, da na kurkurar baki, da na wanka, kowanne da irinsa da ƙarfinsa, ko da ƙanshinsu ya yi kama.

Aikin mai jinya

A asibitocinmu uwa ko kaka ko goggo ce take kwana a gindin gado, ita ce mai wanka da wanki da ciyarwa. Saboda haka rabin tsaron yaron a hannunta yake. Ga abubuwan da ma'aikatan jinya suke nanatawa:

1. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, ko a sa wani ya zuba da buta, kafin a taɓa yaron, kafin a ba shi abinci ko magani, da bayan an fito bayan gida ko an kwashe kashi ko amai. A yanke farce.

2. A yi masa wanka kowace rana da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi. In ana shakkar ruwan, a tafasa shi a bar shi ya huce. Kada a dirje shi da soso mai kaushi. A tsane jikin a hankali, musamman hammata da matsematsi. Tawul ɗinsa nasa ne shi kaɗai, a wanke a shanya a rana.

3. Kada a zuba kowane irin maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wankansa, sai wanda likitansa ya rubuta, a kuma bi yadda aka nuna. In asibitin yana yin wankan magani, a karɓa, amma a riƙa duba fatar, a faɗa da zarar an ga ja ko ƙuraje.

4. Kada ruwa ya taɓa filastar da ta rufe kanula ko bututu. In ta jiƙe, ko ta ɗaye, ko wurin ya yi ja, ya kumbura, ko yana fid da ruwa, a kira nas nan da nan. Kada a shafa mai ko wani magani na gida a wurin.

5. A kula da bakinsa. A goge haƙora da burushi mai laushi safe da yamma, a kurkure da abin da aka ba da izini.

6. Ban da tsaga, ban da ƙaho, ban da sakiya, ban da ɗura ta dubura. Kowane ɗayansu sabuwar ƙofa ce ga cuta, jinin yaron kuma ba ya saurin tsayawa.

7. Abinci ya zama dafaffe da zafinsa, ruwan sha kuma tafasasshe.

8. A sayi ma'aunin zafin jiki a koyi karanta shi. In ya kai 38, ko yaron ya soma rawar ɗari, ko ya yi laƙwas, a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga wayewar gari, gama yana ɓoye zazzaɓin, cutar kuwa tana ci. Likitoci suna so allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jikinsa cikin sa'a guda da isowarsa.

Akwai abu guda kuma mai wuya. Mai jinya tana da iko ta tambayi duk wanda ya zo taɓa bututun ɗanta, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, an wanke hannu?" Mun san al'adarmu tana sa mu jin nauyin manya. Amma ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba, ran yaro kuwa ya fi kunyar minti ɗaya.

Rabon ekklesiya

Mu Kirista mutane ne masu son ziyarar marasa lafiya, wannan kuwa umarnin Ubangiji ne. Amma ƙauna tana bukatar sani. Sau da yawa zumuntar mata ko ƙungiyar mawaƙa sukan cika ɗaki su kewaye gado, kowa ya ɗora hannu a kan yaron. Bari mu gyara wannan. A shiga biyu biyu. A wanke hannu kafin a ɗora shi a kan mara lafiya. Mai mura ko tari ya yi addu'arsa daga gida, gama Allah yana ji daga ko'ina. Wanda yake da ɗa mai ƙyanda ko ƙarambau a gida kada ya je sam, domin waɗannan suna iya kashe yaro mai shan kemo.

In muna so mu kai wani abu, mu kai sabulu, da bokiti mai murfi, da tawul, da gawayi ko kananzir na tafasa ruwa. Matasa masu lafiya su ba da jini. Dattawan ekklesiya kuwa su dubi kuɗin mota da na magani, gama yara da yawa a ƙasashenmu suna mutuwa domin iyaye sun gaji sun daina kai su bayan kumburin ya sace, alhali maganin bai ƙare ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura niyyar a kai yawan yaran da suke warkewa zuwa 60 cikin 100 a duniya duka kafin 2030. Ba za a kai can ba sai kowane yaro da ya soma magani ya gama shi.

Sa'ad da muke shirya wannan bayani mun tuna da labarin Na'aman a littafin Sarakuna na Biyu, sura 5, wanda muke koya wa yara a makarantar Lahadi. Warkewarsa al'ajibi ne na Allah, ba aikin ruwa ba ne. Amma dubi zuciyarsa. Ya zo da azurfa da zinariya yana sa rai za a yi masa wani babban abu, da aka aike shi ya yi wanka a Urdun sai ya husata, sai da barorinsa suka lallashe shi. Mu ma haka muke. Mun fi gaskata kwalba mai tsada da ƙanshi mai ƙarfi fiye da sabulu da buta, mun fi saurin kashe kuɗi sau ɗaya fiye da wanke hannu sau ashirin a yini. Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ne yake tsone maka ido.

Da muka koma asibitin muka zauna da uwar ɗalibinmu a inuwar dalbejiya, muka gaya mata duk wannan. Muka ce mata ba ƙarya aka yi mata ba, rabin magana aka ba ta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe abin da nake da shi a hannu ya isa in soma." Kwalbar nan kuwa ta ba masu shara. Yanzu duk wanda ya zo gaishe su, ko fasto ne, sai ta miƙa masa sabulu da buta tukuna. Sau ɗaya zazzaɓi ya kama yaron a gida da dare tsakanin zagaye na biyu da na uku na maganin, mahaifinsa ya tashi maƙwabci mai babur suka kai shi kafin asuba, aka kwantar da shi kwana shida. Kumburin ya sace, gashin kansa ya zube, akwai sauran magani a gabansa. 'Yan ajinsu sun bar masa wurin zamansa a benci na gaba.

Muna roƙon masu karatu su riƙa tunawa da shi da iyayensa cikin addu'a, tare da dukan yaran da suke kwance a ɗakunan daji, da ma'aikatan da suke kwana a kansu. Ubangiji ya ba su hannu mai tsabta da zuciya mai haƙuri.